Darasi: Yadda Ake Zama da Mutane

Dale Carnegie mutumin Amurka ne, ɗan wani talakan manomi. An haife shi a jihar Misuri a 1888. Tun yana yaro yakan yi tatsar shanu kafin ya tafi makaranta. A 1912 ya fara koya wa manya yadda ake magana a gaban jama'a. A 1936 ya rubuta littafi a kan yadda mutum zai sami abokai, kuma a riƙa jin maganarsa. An sayar da miliyoyinsa. Ya rasu a 1955, amma har yau ana karanta littafin. Ga huɗu daga cikin shawarwarinsa.

1. A rage suka. Wanda aka soka ba ya cika gyarawa. Kare kansa yake yi, ya riƙe abin a zuci. Carnegie ya kawo misalin Abraham Lincoln, shugaban Amurka. A 1863, lokacin yaƙin basasa, wani janar ɗinsa mai suna Meade ya ci nasara, amma ya bar abokan gaba suka ƙetare kogi suka tsere. Ran Lincoln ya ɓaci. Ya rubuta masa wasiƙa ta nuna ɓacin rai, amma bai aika ba. Janar ɗin ya ci gaba da aikinsa har yaƙin ya ƙare. Magana zarar bunu ce. Idan akuyar maƙwabci ta shiga gona, mai gona ya bari zuciyarsa ta huce. Sannan ya same shi shi kaɗai, ba a bainar jama'a ba. Ɓarnar damina ɗaya ba ta kai gabar shekara goma ba.

2. A yaba da gaskiya. Kowa yana son a san darajarsa. Maigida ya gode wa matarsa in ta yi tuwo. Mai gona ya ce wa ɗan ƙodago sannu da aiki. Amma yabo daban, daɗin baki daban. Mutane suna gane bambancin.

3. A saurara. Mai saurare ya fi mai yawan surutu farin jini. A bar mutum ya kai aya. A riƙe sunansa, a tambayi iyalinsa, a saki fuska. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

4. A guji gardama. Wanda aka kayar a gardama yakan tafi da ra'ayinsa, ya ƙara da jin haushi. Wanda ya yi kuskure ya amsa da wuri. Cewa "a yi haƙuri" ba ya rage wa mutum girma.

Tambayoyi
1. A wace shekara Carnegie ya rubuta littafinsa?
2. Me Lincoln ya yi da wasiƙarsa?
3. Mene ne bambancin yabo da daɗin baki?

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya rubuta sunan mutum ɗaya da ya taimake shi a wannan wata. Ya je ya yi masa godiya kafin aji na gaba.