Darasi na 9: Murhun Zamani, Kuɗin Kabon da Tambarin Inganci

Manufar darasi

Iyayena da 'yan uwana mata, ina so kafin mu tashi daga wannan zama kowace ta san abu uku: dalilin da ya sa ake kawo mana murhun zamani da araha, abin da muke bayarwa a madadinsa, da tambayoyin da za mu yi kafin mu dangwala hannu a takarda.

Ina kuɗin yake fitowa?

Duk itacen da muka ƙona a murhu mai duwatsu uku yana fitar da hayaƙi, a cikinsa akwai iskar da ake kira kabon, wadda take ƙara ɗumamar duniya. Murhu mai tsimin itace yana rage wannan iska. Idan aka auna aka tabbatar an rage tan ɗaya, wato kilo 1,000, sai a fitar da takardar kabon guda ɗaya. Kamfanonin Turai da Amurka masu fitar da hayaƙi da yawa, irin na jiragen sama, su ne suke sayen takardun. Da wannan kuɗi ake rage mana farashin murhu. Misali, ƙungiyar atmosfair ta ƙasar Jamus tana da masana'anta a Kano inda ake ƙera murhun ƙarfe mai suna Save80, kuma da kuɗin kabon take tallafa wa farashinsa.

Ke nan murhun ba sadaka ba ne, ciniki ne. Itacen da kika rage ƙonawa shi ne hajar. Shi ya sa a takardar da ake ba ki yawanci akwai layin da ya ce kin bar wa kamfani haƙƙin kabon ɗin murhunki.

Me ya kawo maganar tambari?

A watan Janairun 2024 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka fitar da sakamakon nazarin ayyukan murhu a ƙasashe da dama. Sun gano takardun da aka fitar sun ninka ainihin hayaƙin da aka rage kusan sau tara. Masu saye suka fara ja da baya, don ba wanda yake son a auna masa mudu ɗaya a rubuta tara.

Akwai wata hukuma mai zaman kanta ta duniya, ICVCM, wadda a 2023 ta fitar da ƙa'idoji goma na takardar kabon ta gaskiya. Takardar da ta cika su ana sa mata tambarin CCP. Ku ɗauke shi kamar lambar NAFDAC da muke dubawa a jikin magani. A watan Maris na 2025 hukumar ta amince da hanyoyin lissafi uku na ayyukan murhu, biyu na Gold Standard, ɗaya na Verra, ta kuma ƙi wasu tsofaffin hanyoyi. Gold Standard da Verra su ne manyan masu rajistar irin waɗannan ayyuka.

Abin da tambarin yake nema a madafinmu

Na farko, awo maimakon kintace. Ba ya isa ma'aikaci ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko ana amfani da murhu. Hanya ɗaya da aka yarda da ita ita ce a zo da sikeli a auna itacen gida na kwanaki a jere, a ga nawa aka ƙona kullum. Wasu murahun kuma ana maƙala musu 'yar na'ura mai lura da zafi.

Na biyu, ba kowane makamashi ake lissafawa ba. Itacen da ake sarewa daji bai mayar da shi ba, shi ake ƙirgawa. Karan dawa da na gero da buntun shinkafa duk shekara gona tana sake ba mu su, don haka ba sa shiga wannan lissafi. Mu nan ƙasar Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, bayan kaka gidaje da yawa da kara suke girki. Duk wanda ya rubuta cewa shekara cur itace muke ƙonawa, ya ƙara gishiri.

Na uku, tsohon murhu. Wadda take turara shinkafa a babbar tukunya, ko take bandar kifi, ko take girkin suna, ta san ƙaramin murhu ba zai ɗauka ba, dole ta koma kan duwatsu. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɓoye.

Na sha jin mata suna cewa, "To ai in na faɗi gaskiya ƙwace murhun za su yi." Ko kuma kunya ta sa a ce wa baƙo, "Kullum da shi nake girki," alhali yana ɗaki an ɗora kwanuka a kai. Ku sani, akwai masu tantancewa daga waje da suke zuwa duba gidaje. Idan suka tarar da saɓani, aikin yana iya rasa takardunsa, tallafin ya tsaya, matan da suke jiran nasu murhun su rasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambayoyi shida kafin sa hannu

1. Wa ya yi wa aikin rajista, Gold Standard ko Verra, kuma mece ce lambarsa?
2. Hanyar lissafinku tana cikin waɗanda aka amince a sa wa tambarin CCP?
3. Shekara nawa za ku riƙe haƙƙin kabon ɗina?
4. Ban da ragin farashi, me ƙungiyarmu za ta samu?
5. Idan murhu ya lalace, wa zai gyara, a ina, da kuɗin wa?
6. Ina za mu kai koke? Gold Standard ta wajabta a zauna da jama'ar gari kafin a fara aiki, a kuma tanadi hanyar karɓar koke.

Shawarata: kada mu taɓa kuɗin asusu don sayen murahu sai an karanta mana takardar da Hausa a gaban taro, an bar wa sakatariya kwafi a akwatin ƙungiya. Wanda ya ce sauri yake yi, a ce masa ya dawo zama na gaba.

Aikin mako

Kowace ta ƙirga damin itace da na kara da ta ƙona cikin kwana bakwai, da kuɗin da ta kashe. Sakatariya ta buɗe shafi a bayan littafin zubi ta rubuta. Ranar da mai murhu ya zo da nasa lissafin, sai mu buɗe namu mu gwada.