Amsar Tambaya: Koya wa ɗalibai tuntuɓar wakilansu

Wata malama da ke koyarwa a ƙaramar sakandare a Kano ta aiko da tambaya: ta yaya za ta fahimtar da yaran da ba su isa jefa ƙuri'a ba cewa suna da ta cewa wajen wakilansu?

Malama ta fara da tantance wa ke da alhakin me. Nijeriya na da sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, majalisar dokokin Kano kuwa na da mambobi 40. Amma kwatar unguwa da ta toshe ba sai an kai ta Abuja ba. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma ne a kusa. Koke da yawa kan mutu ne don an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Daga nan ajin ya zaɓi matsala guda, ya rubuta wasiƙa: gaisuwa, abin da ya lalace, inda yake, da abin da ake so a yi. Shugaban makaranta ya sa hannu, a kai ofishin mazaɓa, a ajiye kwafi, a koma idan an ji shiru. Kada roƙon kuɗi ya shiga ciki, domin wannan ɗabi'ar ce ke sa talaka jin nauyin neman haƙƙinsa.

Idan yaran suka ce wa zai saurare su, ta ba su labarin matasan da suka yi ta bin 'yan majalisa kan rage shekarun tsayawa takara. A 2018 Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu, shekarun takarar Majalisar Wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25.