Faɗakarwa Game da Adda ga Mai Shiga Dajin Gobir

Duk wanda sana'arsa ta ratsa da shi ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, tun daga fadamun Bunsuru da Gagare har zuwa jigawar da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, ya san cewa dajin Gobir, ko da yake ba shi da duhuwa irin ta kurmin kudu, ba ya sassauta wa musafirin da ya shige shi hannu rabbana, domin daji ne na ƙaya da ƙishirwa, wanda inuwarsa kaɗan ce, rijiyoyinsa kuma nesa da juna. Tun a 1824 wani Bature mai suna Clapperton, a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ɗanɗani ƙishirwar dajin Gundumi na wannan yanki, alhali yana tafe da rakiya da guzuri. Ni malamin daji ne, amanar itatuwa aka ɗora mini, kuma bisa ga wannan amana nake son in faɗakar da manomi da makiyayi da mai itace game da ƙarfen da ya wajaba su riƙe, da yadda za su riƙe shi.

Gatari ya fi kowane ƙarfe iya gungume, amma nauyinsa yana gajiyar da mai tafiyar ƙasa, lauje bai wuce ciyawa ba, wuƙa kuwa ba ta iya reshe. Adda ce ta tsaya a tsakani, ta ɗauki rabo daga aikin kowannensu. Idan dare ya riski mutum da dabbobinsa nesa da gari, da ita zai saro farar ƙaya da bagaruwa ya kewaye su da shinge, ya yanki sabara da geza ya kafa 'yar rumfa, ya ɓare ɓawon kalgo ko ya yanko kaba ya tufka igiyar ɗauri, ya faskara kirare ya hura wuta. Idan ruwan gora ya ƙare da bazara, da bakinta zai tone yashin gulbi har ya tarar da danshi, ya jira ruwa ya tsattsafo. Bayanta kuma guduma ce, ana kafa turke da shi, ana fasa ƙwallon goriba.

Akwai wata larura da na sha gani wadda mutane ba sa tunawa da ita sai ta auku, wato akuya ko tunkiya ta ci wani abu cikinta ya kumbure, ko ta faɗa rami ta karye, rai yana shirin fita, mai ita kuwa ba shi da abin yanka. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba, sunna kuma ta yi umurni da a wasa ƙarfe domin a hutar da dabba. To, wanda addarsa ta dakushe, ko dai ya azabtar da abin da Allah ya ba shi kiwo, ko dukiyarsa ta zama mushe yana ji yana gani. Saboda haka dutsen washi, ko da ɗan ƙarami ne da zai shiga aljihu, ba ya rabuwa da adda.

Ba kowace adda ce adda ba. Siraran nan da ake kawowa daga waje an ƙera su ne domin ciyawa da ɗanyen itacen kurmi, kuma da zarar sun haɗu da busasshiyar aduwa sai bakinsu ya lanƙwashe. Wadda ta dace da ƙasarmu ita ce ta maƙeranmu, wadda suke ƙerawa da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota a kan gawayin ƙirya. Na zauna a maƙerar wani dattijo a ƙasar Isa ina kallonsa: yaro yana zuga, shi kuma ya zuba wa ƙarfen ido har ya yi ja kamar gauta, sa'an nan ya ɗauko shi da awartaki ya tsoma bakin kaɗai cikin ruwa, ya bar bayan ya huce da kansa. Na ce, "Baba, me ya hana a tsoma ta duka?" Ya ce, "Malam, in baya ya sha ruwa kamar baki, wagga adda ranar da ta gamu da marke biyu za ta rabe." Hikimar ita ce baki ya yi tauri ya riƙe kaifi, baya ya yi taushi ya shanye duka. Mai saye ya duba wannan, ya kuma girgiza ƙotar, domin ƙota mai motsi ita ce ke sa ƙarfe ya kuɓuce ya sami ƙafa.

Abin da ya fi damuna a aikina shi ne yadda ake sara. Makiyayi yana da haƙƙi a kan gawo, tun da shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani sa'ad da sauran suka kaɗe, amma wanda ya hau da barandami ya yi masa ƙwal, bai bar reshe ko ɗaya ba, ya yi israfi, ya kuma zalunci wanda zai zo baɗi. Ƙa'ida ita ce a ɗebi sashe a bar sashe, a fara saran reshe daga ƙasa kafin a gama shi ta sama, don kada ya ɓalle ya tafi da ɓawon jikin itacen. 'Yan'uwanmu na jihar Maraɗi, inda Gobirawan Tsibiri suke, sun nuna abin da adda za ta iya idan ta sami hannu mai tadbiri: tun daga wajen 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka kama abin da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tohonsa biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a sassabe sauran, har gonakin da farin 1973 da na 1984 suka tsiraita suka sake yin itatuwa. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, kututturan kuma suna nan a gonakin Gatawa da Kurawa.

Sai a kiyayi abubuwa kaɗan. Wanda kububuwa ta sara kada a tsaga wurin da adda ko wuƙa, domin dafinta yana hana jini tsayawa, tsagar kuwa ƙara zubarsa take yi. A hana shi motsi a gaggauta kai shi asibiti. Wanda ya sari tumfafiya ya kare idonsa daga nononta. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta ya nemi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, don ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Ba a ɓoye yake ba cewa dajinmu a yau akwai 'yan bindiga, har dubban mutanenmu sun yi hijira zuwa ƙasar Maraɗi tun daga 2019. Adda ba ta tare harsashi, kuma saurayin da ya dogara gare ta ya kutsa inda dattawa suka hana ya jefa kansa cikin halaka. A sa ta cikin kube ko a naɗe ta da buhu in za a bi hanya ko a shiga kasuwa, don kada jami'an tsaro su yi wa mai ita mummunan zato; a tafi cikin jama'a, a sanar da mai unguwa inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.