Kayan Koyar da Ilmin Muhalli da Namun Daji a Unguwanninmu

Sau da yawa idan aka zo darasin muhalli sai mu ji malamai suna kukan rashin kayan aiki: babu isassun littattafai, babu hotuna, babu motar kai yara daji. Kukan gaskiya ne. Amma mu da muke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna da kayan koyarwa guda biyar waɗanda kusan duk ana iya isa gare su da ƙafa. Abin da suke bukata shi ne littafin rubutu, da fensir, da malami mai shiri. Ya kamata mu yi amfani da su tun da sauran lokaci, domin wasunsu suna ɓacewa a kan idonmu.

1. Gidan Zoo

Na farko shi ne Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a 1971 zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Yana nan maƙwabtaka da mu, har titin da ya wuce ta gabansa ya ci sunansa. Yawancinmu mun san shi ne a matsayin wurin yawon salla, inda ake cin rake ana tsokanar birai. Wannan kallo ne, ba karatu ba.

Domin ziyara ta zama darasi, sai malami ya raba yara rukuni-rukuni tun daga aji, kowane rukuni da dabbarsa guda. Su tsaya gabanta minti 15 shiru, su amsa tambayoyi huɗu: Me take ci? Yaya haƙoranta ko bakinta yake? Yaya ƙafafunta suke? A wane irin daji take zama? Yaron da ya lura cewa idanun zaki suna gaba, na barewa kuwa suna gefe, ya gano bambancin mai farauta da wanda ake farauta ba tare da ya haddace komai ba. Wanda ya ƙirga yatsun jimina ya tarar biyu ne kawai, ba zai manta ba har abada. Gani ya kori ji.

Bayan an dawo aji, sai a buɗe taswira a nuna inda 'yan'uwan waɗannan dabbobi suke rayuwa a sake: dajin Falgore a kudancin Jihar Kano, kan hanyar Jos, da dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A tuna wa yara kuma kada su jefa wa dabba abinci ko dutse, kada su miƙa hannu cikin keji.

2. Itatuwa

Na biyu itatuwa ne. Mu fara da sunayen wurare a Kano: Kasuwar Rimi, Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Tsamiyar Boka. Duka sunayen itatuwa ne. Sai malami ya tambayi yara: wanda ya je Giginyu a yau, giginya nawa zai ƙirga? Daga wannan tambaya kaɗai yaro zai gane cewa gari yana cin daji a hankali.

Itacen da ya fi yawa a titunanmu shi ne darbejiya, wato dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya yake, zamanin Turawan mulki aka yaɗa shi. Kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo su ne namu na gado. Gawo yana da abin mamaki: da damina yake kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi.

Kowane ɗalibi ya zaɓi itace guda ya zama nasa. Ya auna kaurinsa da igiya daidai ƙirjinsa. Tsawonsa kuwa da inuwa za a gane shi: a kafa sanda mai tsawon mita 1 a auna inuwarta. Idan inuwar sanda mita 2 ce, ta itace kuma mita 16, to tsawon itacen mita 8 ke nan. Kun ga darasin lissafi ya shigo.

Akwai labarin da ya kamata kowane malami ya sani. A 1983, a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wani ɗan mishan mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan itatuwan da aka sare ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Sai ya shiga koya wa manoma su bar rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, su datse sauran. Ana kiran dabarar sassabin zamani. Da ita manoman Nijar suka farfaɗo da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5, da wuƙa da lauje kawai.

3. Tsuntsaye

Na uku tsuntsaye ne, su kuwa har cikin harabar makaranta suke zuwa: kurciya, hankaka, shirwa, balbela. A ware shafi a bangon aji, kowace safiya wani ɗalibi ya rubuta irin da ya gani da adadinsu. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa. Iyayenmu sun san zuwanta alamar damina ce. Ilmin kimiyya ya ƙara mana cewa a ƙasashenmu take yin sheƙa, tana cin fara da tsutsotsi, idan ruwa ya ɗauke ta koma kudancin Afirka inda damina take faɗuwa a lokacin.

Sannan a tambayi yara: wa ya taɓa ganin angulu? A da babu mahauta ko kasuwa da ba a ganin ta. Yau yara da yawa a tatsuniya kawai suka san ta. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa irin angulun da muka saba gani a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Manyan dalilai su ne guba da ake zuba wa mushe, da kama ta domin sayar wa masu tsibbu. Muna ƙyamar ta, alhali ita ce mai sharar gari: tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. A Indiya, cikin shekarun 1990, angulaye sun mutu birjik saboda wani maganin shanu mai suna diclofenac. Karnukan titi suka ƙaru, cutar haukan kare ta bi baya, har gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006.

4. Kududdufi da Magudanar Ruwa

Na huɗu shi ne kududdufi. Ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Idan aka cike su aka yi gini, ko leda ta toshe magudana, ruwan watan Agusta ba shi da wurin zuwa sai cikin gidaje. Malami zai iya bi da yara ta gefen magudana guda, su ƙirga ledojin ruwan sha cikin taku 50, su sake ƙirgawa bayan wata ɗaya. Zai iya ɗebo ruwa a kwalba yara su ga yadda talibambam yake zama kwaɗo, da yadda tsutsar sauro take zama sauro. Amma babu yaron da zai sa ƙafa a ruwan, saboda tsargiya da haɗarin nutsewa.

5. Tsofaffi

Na biyar su ne kakanninmu. Yawancin unguwannin Tarauni da muke gani cike da gidaje, akwai tsofaffin da suka san su suna gonaki. Kowane ɗalibi ya je wurin kaka da ladabi ya tambaya: Waɗanne itatuwa ne a nan sa'ad da kuke yara? Waɗanne dabbobi kuke gani? Yaushe kuka daina ganin su? A tara amsoshin a ɗinke su, makaranta ta sami littafin da babu irinsa a kanti.

Taimako Daga Waje

Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, wato NCF, wadda aka kafa a 1980, tana tallafa wa ƙungiyoyin muhalli na makarantu. Akwai kuma ranakun da za a iya ɗora darasi a kansu: 3 ga Maris ranar namun daji ta duniya, 5 ga Yuni ranar muhalli ta duniya, da Asabar ta farko a watan Satumba ranar angulu.

Aikin Hutu

Addinanmu duka sun koya mana cewa duniya amana ce a hannunmu, kuma mutum ba ya riƙe amanar abin da bai san sunansa ba. Saboda haka ga aikin da muke roƙon kowane ɗalibi ya yi kafin a dawo: ya rubuta sunayen itatuwa 10 na unguwarsu da amfanin kowanne, ya ƙirga tsuntsayen da ya gani cikin mako ɗaya, ya kawo hirarsa da tsoho guda. Malamai kuma muna roƙonku ku ajiye waɗannan takardu, domin ɗaliban baɗi su gwada nasu lissafin da na bana.