Darasi: Baƙuwar kainuwa mai shaƙe kogi da tabki

Ɗan'uwa manomi, masunci da makiyayi, darasinmu na wannan fitowa a kan baƙin tsirrai ne. Baƙon tsiro shi ne wanda mutum ya ɗauko daga wata ƙasa ya kawo inda ba a san shi ba. Da yawansu alheri ne. Masara, rogo, gujiya da mangwaro duk baƙi ne, kuma da su muke rayuwa. Amma akwai baƙon da in ya sami wurin zama sai ya kori mai gida. Irinsa za mu duba yau.

Yadda za ka gane ta

Kowa ya san kainuwa, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah. Ganyenta a buɗe yake kamar salati, da ɗan gashi a jikinsa. To, akwai wata mai yawo bisa ruwa kamarta, amma ita dashen mutum ce. Masu jin Faransanci na kiranta jacinthe d'eau. A nan za mu ce mata baƙuwar kainuwa. Ga alamunta:

1. Ganyenta kore ne shar, mai kauri da sheƙi.
2. Gindin ganyen a kumbure yake kamar ɗan gora. Iskar da ke ciki ita ke hana ta nutsewa.
3. Furenta shuɗi ne mai sirkin ja, da ɗigon rawaya a jiki.
4. Saiwarta baƙa ce, tana reto cikin ruwa kamar gashi.

Daga ina ta fito?

Asalinta kogin Amazon ne, a Amurka ta Kudu. Kyan furenta ya sa mutane suka riƙa ɗaukarta suna sawa a ruwan lambu don ƙawa. Daga nan ta kuɓuce. Ta cika kogin Kwango a shekarun 1950. An gan ta a tabkin Biktoriya, a gabashin Afirka, a 1989. Wajen shekarar 1990 ta bayyana a kogin Isa, kuma mutanen Yamai da na Gaya sun san wahalarta.

Me ya sa take yaɗuwa haka?

Dalili na farko: a ƙasarta akwai ƙwari da cututtuka masu cin ta. Da aka kawo ta nan, an baro su can. Ba ta da abokin gaba.

Na biyu: tana tohuwa ta gefe. Uwa ta miƙa hannu, ɗiya ta fito, ɗiyar ma ta yi haka. In ruwa na da ɗumi da ƙazanta, yawanta na ninkawa cikin kamar mako 2. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi: 1, 2, 4, 8, 16. In ka ninka sau 10, wato mako 20, gindi ɗaya ya zama 1.024.

Na uku: ƙwayar irinta na kwanciya cikin laka shekara 20 ko fiye ba ta mutu ba. Ko tabki ya ƙafe, in ruwa ya dawo sai ta tsiro.

Ɓarnarta a gandun daji

Kudu da garin Say akwai gandun dajin W, wanda ake faɗa “dubul-be”. Kogin Isa ne ya yi kwana-kwana a wurin kamar wannan harafi. An kafa gandun a 1954. Ɓangaren Nijar ya kai hekta 220.000, sauran yana Benin da Burkina Faso. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. An keɓe shi don giwa, zaki, ɓauna, dorina, ayu da tsuntsaye fiye da iri 350.

Ma'aikatan gandun daji na iya tare maharbi, su tare mai gatari. Amma tsiron da ruwa ya ɗauko ba mai tsayar da shi a kan iyaka. Ruwan da ya ratsa Yamai shi ne ke bi ta gefen gandun.

In ta rufe ruwa kamar tabarma, rana ba ta kai ƙasa. Tsirran da ke cikin ruwa su mutu. Ganyenta da ya ruɓe ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Karfasa ta gudu ko ta mutu. Tsuntsu mai cin kifi ya rasa inda zai sauka. Bado da burgu, abincin ayu da na shanunmu, su rasa fili. Inda a da akwai halittu iri-iri, sai ka tarar da abu ɗaya tak. Wurin ya yi kore, amma ya talauce.

Ɓarnarta gare ka

Kwale-kwale ba ya ratsa ta. Taru da birgi na sarƙewa. Tana toshe famfo da hanyoyin ruwa a gandarin shinkafa. Sauro da katantanwa mai kawo fitsarin jini na samun mafaka a ƙarƙashinta. Dabba ba ta ƙiba da ita, domin kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne.

Kai da ke Maraɗi, Tawa ko Damagaram, kada ka ce kogi ya yi maka nisa. Tabkin Madarunfa, na Tabalak da na Gidimuni na ciyar da gidaje masu yawa. Reshe ɗaya da ya maƙale a taru ko cikin bokitin ƴan kifi ya isa.

A tudu ma haka ne

A 1977 an dasa wani icce mai ƙaya, furozofis, ɗan asalin Amurka, a yankin tabkin Cadi don tsayar da rairayi. Filin bai wuce hekta 10 ba. Awaki da raƙuma suka ci ƴaƴansa, suka watsa irin cikin kashinsu. A farkon shekarun 2000 an ƙiyasta ya rufe fiye da hekta 300.000. Yana ba da itacen wuta da gawayi, amma ya cinye gonaki da hanyoyin masunta. Niyyar masu dasawa mai kyau ce. Iccen ne ya fi ƙarfin mai shi.

Abin da za ka yi

1. Kada ka ɗauki tsiron ruwa daga wani wuri ka kai wani, komai kyan furensa.
2. In za ka sake wurin su, ka kakkaɓe taru, ka wanke kwale-kwale, ka shanya su a rana.
3. In ka ga ko gindi ɗaya, ka tsame shi ranar nan. Ka sanar da mai gari da ma'aikacin gandun daji.
4. In ta yi yawa, ku yi gayya kafin ta yi fure. Ku kai ta tudu nesa da ruwa. Kada a sassare ta a bari a ciki, domin guntayen na sake tohuwa.
5. Wadda aka tsame a zuba ta rami, a haɗa da kashin dabbobi da toka, a riƙa juyawa har ta ruɓe sarai. Taki ne mai kyau ga lambu.
6. Ku koma wurin kowane wata ku duba, saboda irin da ke cikin laka.
7. Kada ka zuba maganin ciyawa a ruwa. Zai kashe kifi, ya cuci mai sha.

Akwai wani ɗan ƙwaro daga ƙasarta da ba ya cin komai sai ita. An sake shi a Benin a 1991, kuma bayan ƴan shekaru ta ragu. Wannan aikin masana ne, su ma sai sun yi dogon gwaji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gindi ɗaya aikin yaro ne da sanda. In ya kai dubu, sai gari duka ya fito.

Tambayoyi don mahawara a ƙungiyarku

1. Faɗi alamu uku da suka raba baƙuwar kainuwa da tamu.
2. In gindi 5 suka shiga tabki, nawa za su zama bayan mako 8?
3. Wane tsiro ne ya yi yawa a makiyayarku wanda tsofaffi ba su san shi ba suna yara? Yaya ya zo?
4. Wa za ku ɗora wa aikin duba tabkinku kowane wata?