Suna Linzami Ne: Darasi Kan Gano Kuskure a Harshen Python

Gabatarwa

Ɗaliban harshe da dama a yau suna amfani da kwamfuta wajen ƙidaya kalmomi da tsamo jimloli daga matani. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani kuskure da ya cinye mini kwana biyu ina tsakiyar aikin kundin digiri, domin kada 'yan'uwana ɗalibai su faɗa cikinsa.

Tafinta da Ƙunshe-ƙunshensa

Kwamfuta ba ta jin harshen ɗan'adam, sai an sami tafinta da zai juya umarnin da aka rubuta zuwa abin da take ganewa. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana zuwa da ƙunshe-ƙunshen umarni shiryayyu. Misali, ƙunshin random shi ke yin zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi.

Matsalar

Na so in tsamo jimloli 50 daga wani matanin Hausa, sai na raɗa wa fayil ɗina suna random.py. Da na kira random.sample, sai tafinta ya ce babu wannan aiki a ƙunshin. Dalili kuwa shi ne, tafinta yana da tsarin nema. Yakan fara da ƙunshe-ƙunshen da aka gina a jikinsa, kamar sys. Idan bai samu ba, sai ya duba foldar da fayil ɗinka yake, kafin ya je babban rumbunsa. To, random a rumbu yake zaune, saboda haka takwaransa, wato fayil ɗina, ya riga shi amsa kira.

Matakan Gyara

1. Rubuta print(random.__file__) domin ka ga inda aka ɗauko ƙunshin.
2. Idan foldarka ta bayyana, sauya wa fayil ɗin suna, misali jimloli.py.
3. Duba sys.path, za ka ga jerin wuraren nema bi da bi.

Tun daga Python 3.13 na shekarar 2024, saƙon kuskuren da kansa yakan shawarci mutum ya sauya sunan.

Kammalawa

Kafin ka zargi tafinta, fara tambayar wane fayil ya ɗauko. Raɗa wa fayilolinka sunayen Hausa ma kariya ce, domin da wuya su yi karo da na rumbu.