Ƙwaƙwalwar inji ta tsaya, kamfanin ya daina yin irinta: ina mafita?

Tambaya: Malam, ina da injin matsar man gyaɗa a kan hanyar Tibiri, na hannu ne, daga Faransa aka kawo mini shi shekaru da dama. Ran nan aka ɗauke wuta, da aka maido ta inji ya ƙi tashi, sai wata jar fitila a jikin otomat ɗin. Mai gyara ya ce ta ƙone, kuma an daina yin irinta. Wani a Kano ya ce yana da ita, in tura kuɗi. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna, don ban yarda ta ƙone ba sai an nuna mini.

Otomat ita ce 'yar ƙaramar kwamfutar da ke cikin akwatin wuta, wadda ke cewa wannan motar lantarki ta tashi, waccan ta jira, zafi ya kai a kashe. Abu biyu ne a haɗe: ƙarfen da kake gani, da firogiram ɗin da wanda ya ƙera injin ya rubuta a cikinta. Ƙarfen ana samu ko da wahala. Firogiram kuwa na injinka ne shi kaɗai, ba a sayar da shi a Sabon Gari, ba a sayar da shi a Alaba. In mutumin Kano ya aiko maka da otomat irin taka sak, fanko za ta zo, kamar sabon allo da ba a rubuta masa ko baƙi ɗaya ba.

A tsofaffin otomat da yawa, wani ɗan batir ne ke riƙe firogiram idan babu wuta. A ƙasar da aka yi injin, batirin nan hutawa yake, don da ƙyar ake ɗauke wuta. A nan kuwa kullum a bakin aiki yake. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka sha lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Batirin da ya ga wannan, ba a kuma canza shi ba, ya riga ya gaji. Ranar da ya ƙarasa, aka kuma ɗauke wuta, sai otomat ta farka lafiya lau amma ta manta aikinta. Abin da ka ba ni labari ya fi kama da wannan. Ka sa a karanta abin da aka rubuta a gefen jar fitilar. In BAT ne, ka ga inda aka dosa.

In haka ne, a fara lalube a gida. A jikin ƙofar akwatin wuta daga ciki akwai aljihu da ake saka takardun zanen waya. Wani lokaci har da firogiram ɗin a buge a takarda, ko tsohon faifai. A duba ko otomat ɗin na da kati ko wani ɗan kaset na ajiya a soke a jikinta, domin wasu na iya sake ɗauko firogiram daga nan. In babu, a rubuta wa kamfanin da ya ƙera injin, ba wanda ya yi otomat ba, a ba shi lambar injin da shekararsa. Wasu na da ajiya har ta shekara talatin.

Ko da ba batir ba ne, sau da yawa laifin yana gefe. An taɓa kirana wata masana'anta da ta kwana tara a tsaye, har an fara cinikin sabuwar otomat. Da na buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta yi kauri a kan komai kamar an barbaɗa garin gero, kuma a bayan 'yar na'urar da ke ba da wuta mai bolt 24 ga wata tsaka ta bushe ƙamas a tsakanin waya biyu. Na'urar nan kaɗai aka canza, kafin la'asar inji yana aiki. Saboda haka mai gyara ya auna wutar da ke shiga, ya duba fis, da kontakta, da maɓallin tsayar da inji na gaggawa, kafin ya yanke wa otomat hukunci. Wanda ya ce ta ƙone bai ɗora mita ba, zato yake.

To, a ce ta tabbata ta mutu. Abin da mai gyaranka ya faɗa game da daina yin ta yana iya zama gaskiya. Siemens S5 ta fito ne a 1979, kuma kamfanin ya rufe babinta gaba ɗaya a 2020. S7-300, wadda ta cika injinan hannu da ke shigowa, an fara janye ta a watan Oktoban 2023, sai dai kayan gyaranta da aka yi alkawari na wasu shekaru. Mu da injinanmu suka fi fitowa daga Faransa, Telemecanique muka fi gani, irin su TSX 17 da TSX Micro. Kamfanin ya koma hannun Schneider tun 1988, kuma tsofaffin nan sai dai a kasuwar na hannu.

A kasuwar nan, suna ba ya sayen kaya, lamba ke saye. Kada ka ce wa kowa "Siemens nake so". A jikin kowane kati na otomat akwai doguwar lamba. Na S5 suna farawa da 6ES5, na S7 da 6ES7. Ka ɗauki hotonta da waya, a fili, har harafin ƙarshe, haɗe da ƙaramar lambar da ke nuna zubin da aka yi ta. Kama da wane ba ta wane: kati biyu na iya zama launi ɗaya, girma ɗaya, amma ɗaya na bolt 24 ne ɗayan na 230. Ka kuma yi hattara da kayan da suka fito daga injinan Amurka, domin wutarsu mai bugu 60 ce a daƙiƙa, tamu da ta Najeriya 50, ƙarfinta ma ba ɗaya ba.

Wajen nema, ni Kano nake farawa, amma ba shago ba. Masu aikin wuta na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa sun san inda aka kwance injinan kamfanonin da suka rufe, kuma kayan da aka cire daga injin da aka san tarihinsa sun fi mini wanda aka goge aka saka a sabon kwali. Bayan nan Legas. Bayan nan kamfanonin Turai da sana'arsu ke nan, sayen tsofaffin katuna, gyarawa, gwadawa, su sayar da garanti na shekara. Sun fi tsada, ga kuɗin jirgi da na duwan, amma in injin shi ke ciyar da gida, nan zan kai kuɗina. Tallar intanet mai cewa "sabuwa fil a leda" ga abin da aka daina yi shekara ashirin, a rabin kuɗi, ka bar musu kayansu. Jabu ya yi yawa, musamman a kontakta da ƙananan katuna.

Mutuminka na Kano kuwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ya aiko da hoton lambar, ya haɗa ta da wuta ya ɗauki bidiyo kana ganin fitilunta. Ku yi sharaɗi a gaban shaidu cewa in ba ta tashi a injinka ba, za ta koma. Mafi kyau ka tura mai gyaranka da tsohuwar a jaka, ta Ɗan Isa da Jibiya, ya gwada da idonsa. Kuɗin motar ba su kai asarar kati ɗaya ba. In kuma ka samu mai kyau, sayi biyu.

Wani abin da 'yan kasuwa ba za su gaya maka ba: kayan lantarki na tsufa ko a kan kanta suke. Kwandansan da ke cikinsu bushewa suke, kuma ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. Ka auna wannan da bazarar Maraɗi cikin ɗakin kwano. Na'urar rage gudun mota da ta shekara biyu a ajiye ma ba a danna mata cikakkiyar wuta kai tsaye, sai an tashe ta a hankali.

Ra'ayina dai, na hannun da za ka saya lokaci kawai zai saya maka. Ka yi amfani da lokacin ka shirya sauya ta da ta zamani, irin S7-1200 ko Modicon M221, a sake rubuta firogiram tun injin yana aiki ana ganin yadda yake yi. Akwai yaran da suka karanci lantarki a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Ka nemi wanda ya taɓa irin aikin, ka kuma sa a yarjejeniya cewa zai ba ka kwafin firogiram ba tare da kulle ba. Wasu injinan ma ba sa bukatar otomat sam. Famfon rijiyar burtsatse irin na fadamar Jiratawa, kontakta mai kyau, da na'urar kare mota daga zafi, da mai lura da layukan wuta uku sun ishe shi, kuma duk ana samunsu a cikin gari.

Ku kuma da naku ke aiki yau, kada ku jira irin ranar Alhaji. A satin nan ku kira mai kwamfuta da wayar da ta dace ya kwafe firogiram ɗin, a ajiye a wuri biyu. Bayan an kwafe, sannan a canza batir, kuma a yawancin tsofaffin nan ana canza shi ne wuta tana kunne. A rubuta ranar da alƙalami a jikin ƙofar akwatin.